Injin Markaɗe da Teburin Mma

Nima, Accra
20 ga Fabrairu, 1989

Yaya Mulikatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da sanyin Amurka, ina gaida maigidanki Jalilu. Mu nan lafiya lau, sai gwiwoyin Mma da suka matsa mata. Yanzu a zaune take sallah, kuma ba ta iya tsayuwa a teburin sayar da wakye, shinkafa da waken nan namu, ya wuce ƙarfe tara na safe. Ƙaninki Imurana yana gaishe ki. An sa ranar aurensa, mako biyu bayan Babbar Sallah.

Saƙonki ya iso ta hannun Alhaji Kadiri. Na gode da ɗankwali. Yana da kyau ƙwarai, irinsa ne Amama mai koko take ɗaurawa, ta ce ita a kasuwar Tudu ta sayi nata.

Amma injin markaɗen nan, Yaya, kin haɗa mu da aiki. Mma ta ɗora shi kan kabad ɗin falo, ta lulluɓe shi da farin leshi. Duk wanda ya yi sallama sai ta ce, “Zo ka ga abin da 'yata ta aiko daga Amurka.” Har mutumin da ya zo duba mitar wuta bai tsira ba, sai da ya tsaya ya yaba. Ta hana kowa taɓa shi. Ta ce sai ranar girkin auren Imurana za a kunna shi, a gaban matan unguwa.

Ni kuwa ina nan kan dutsen niƙa yadda kika bar ni. Kin san dokar Mma, kayan shitonmu, miyar barkonon da muke zuba wa wakye, ba sa zuwa injin niƙa, kada masu wakye na unguwar Maamobi su leƙa bokiti su ga abin da muke zubawa. Albasa, citta, busasshen kifi, duk ta tafin hannuna suke bi tun asuba. Shekara goma sha takwas ke nan, tun ranar da babana ya rasu yayarsa Mma ta je Salaga ta ɗauko ni. Ba a taɓa kiran mai duba mita ya zo ya ga hannuna ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Juma'a maƙwabciyarmu Mma Adiza ta zo gaisuwa, ta tambayi Mma wa zai karɓi teburi tunda ƙafa ta ƙi. Mma ta ce, “Teburi na Mulikatu ne in ta dawo.” Sai ta nuna ni da baki ta ce, “Wannan ko sannu aka ce mata sai ta fara neman ƙofa.” Ina tsaye riƙe da farantin shayi. Suka yi dariya, ni ma na yi, don ban san me zan yi da fuskata ba.

Ba ƙarya ta yi ba. In mutum uku suka kalle ni lokaci guda harshena nauyi yake yi. Ke kuwa tun muna yara direbobin motocin haya na torotoro ke tsallake teburi biyu su zo namu don su ji bakinki. Suna cin girkina suna yabon dariyarki. Wallahi abin ya daɗe yana ci mini rai, yau dai na faɗa.

Ki gaya mini gaskiya, za ki dawo? Ina so in san wa nake soya wa shito.

Ƙanwarki,
Mariatu


Bronx, Amurka
14 ga Maris, 1989

Mariatu 'yar kunyata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai mura da ta kama Jalilu saboda tuƙin tasi cikin ƙanƙara. Ni kuma yatsuna ne ke tsami, kitso nake yi a shagon wata 'yar Senegal tun safe har magariba. Ki shafa wa Mma man zafi a gwiwa, ki ce ina gaishe ta.

Ei, Mariatu! Ashe haka bakinki yake in ya samu takarda? Na karanta ina dariya har Jalilu ya ce ko aljanu ne. Ki gaya wa Amama ƙarya take, ɗankwalin nan ko ƙafarsa bai taɓa sa wa Tudu ba.

Injin nan don ke na saya, shashasha. Yaushe rabon Mma da dutse? Hannunki na tuna, yadda yake tsagewa lokacin sanyi.

To ki saurare ni da kyau. KADA KI JONA SHI A BANGO. Wutar nan ɗari da goma ce, taku ta ninka haka har da ɗori, in ya sha ta gidanmu nan take zai mutu. Na gaya wa Alhaji Kadiri sau uku a filin jirgi, amma na san shi, kafin ya zauna a kujera ya manta. Ki je wurin Musah mai gyaran rediyo na bakin kwata, ki ce ya samo miki ƙaramar taransifoma mai rage wuta. Ki buɗe baki ki yi masa magana, ba ya cizo.

Nan komai inji ne. Akwai tukunyar da ke dafa shinkafa ta kashe kanta, akwai na buɗe gwangwani, akwai akwatin da ke ɗumama miya kafin ki gama wanke hannu. Duk da haka abincin ba ya ɗanɗanon komai. In kin samu mai zuwa ki aiko mini da karan dafi da kanwa na dafa wakye.

Zancen teburi kuwa, ki bar shi tukuna. Kin san Mma da baki.

Yayarki,
Mulikatu


Nima, Accra
24 ga Afrilu, 1989

Yaya,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Kowa lafiya. Mma tana azumi duk da an ce ta huta.

Wata biyu ke nan ba amsa. Na tambaye ki abu ɗaya tak, kin yi shiru, to na ji. Mai shirin dawowa ta karɓi teburi ba ta da abin faɗa wa mai niƙa.

Ni dai ina da abin faɗa miki. Injinki ya mutu, kuma ni na kashe shi.

Ranar Lahadi Mma ta tafi suna unguwar Madina, Imurana ya raka ta. Bayan azahar na shiga falo shara, na tsaya ina kallon abin nan a ƙarƙashin leshinsa. Na ce a raina, yau sai na ga abin da ya fi ni da shi. Na sauko da shi, na yanka albasa biyu na zuba. Ƙafafun filoginsa suka ƙi shiga soket ɗinmu, sai na ciro adaftar rediyon Imurana na haɗa. Na danna. Ya yi wani ihu, ya juya sau ɗaya, sai ɗas! Hayaƙi ya fito ta ƙasansa, falo ya cika da ƙaurin roba.

Na buɗe tagogi, na kunna turaren wuta, na wanke shi na goge, na mayar na rufe. Da Mma ta dawo ta ce, “Yau kuma ƙamshi muka samu?” Na ce e.

Sau uku ina zuwa kiyos ɗin Musah don in tambaye shi ko yana gyaruwa. Duk zuwan da na yi sai in tarar da maza a benci suna musun ƙwallo, su juyo su zuba mini ido. Sau ukun batir na saya na dawo. Yanzu ina da batir shida, ba ni da tocila.

Mma kuwa ta riga ta gayyaci mata har daga Maamobi su zo su ga injin yana aiki ranar girkin aure. Jiya ma ta sa ni na wanke leshin.

Ki gaya mini, wane irin inji ne albasa biyu ke kashewa? Ko dama na kallo kika saya, don a ɗora a kabad a riƙa kiran sunanki? Wani lokaci har ina cewa da gangan kika aiko abin da kika san zai mutu a hannuna. Allah ya yafe mini, da azumi a bakina nake wannan tunani.

In Mma ta sani, zancen teburi ya ƙare. Za ta ce ba baki, yanzu kuma ba amana. Ki aiko da wani irinsa a ɓoye kafin Babbar Sallah, in musanya. Ban taɓa roƙon ki komai ba.

Mariatu


Bronx, Amurka
22 ga Mayu, 1989

Mariatu,

Salamu alaikum, barka da Sallah. Muna lafiya. Na ga alama takardata ta watan Maris ba ta same ki ba. A ciki na gargaɗe ki da manyan baƙaƙe kada ki jona shi. In ta iso ki karanta, ki ji kunya.

Taki a shago ta same ni. Na bar kan wata mata rabi a kitse, na shiga bayi na yi kuka. Da gangan? Ni? Tsaye na yi mako uku ina kitso don in tara kuɗinsa, ina tunanin hannunki.

Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ga tawa. Watan jiya aka yi suna a nan, 'yan Zongo suka ce 'yar Mma Sharifa ta Nima ce za ta dafa wakye, wa ya isa ya yi musu? Na dafa. Ya fito fari-fari, ya caɓe. Wata tsohuwa 'yar Maamobi ta ɗanɗana shitona, ta ajiye cokali ta ce, “Ba ke ce mai girkin gidan ba, ko? Akwai wata siririya a baya.” A gaban kowa ta faɗa. Na yi dariya, kin san ni, amma ban ci komai ba ranar.

Ni Mma ta haifa, ke ta koya wa. Kin taɓa lura? In za a haɗa shito sai ta ce, “Mulikatu, fita waje ki kula da mutane,” ta ja ƙofar kicin ku biyu. Ta ce bakina ba ya riƙe magana. Har yau ban san abin da kuke zubawa a ƙarshe ba. Kaset ɗin da ta aiko mini da azumi, rabinsa ke ce. Mariatu ta dafa, Mariatu ta shafa mini ƙafa, Mariatu ta san yadda nake son kunu. Ni sai, “Yaushe za ki dawo?” Kina ƙyashin leshi, ni ina ƙyashin ƙofar kicin.

Kin tambaye ni, ga amsa. Ba zan dawo ba, ba bana ba, ba baɗi ba. Bizarmu ta ƙare tun bara. In muka fita ba za a bar mu mu sake shiga ba, kuma ba mu tara abin da za mu dawo da shi ba. Kada ki gaya wa Mma.

Kuma ki buɗe kunnenki. A kaset ɗin ta ce in na daɗe za ta sa Abibata, amaryar Imurana, a gaban teburi, don yarinyar tana da faran-faran. Ke nan ba ni ce a gabanki ba. Za ki ƙare kina niƙa wa matar ƙaninki.

Ba zan aiko wani inji ba. Ba mai zuwa kafin aure, kuma ko da akwai ba zan ba shi ba. Ki je ki gaya wa Mma da bakinki. Wadda ta iya yanka ni haka a takarda ta iya furta kalma huɗu a falo.

Yayarki, ko kina so ko ba kya so,
Mulikatu


Nima, Accra
9 ga Agusta, 1989

Yaya Mulikatu,

Assalamu alaikum. An yi aure lafiya, amarya ta tare, Mma ta gaji amma tana nan da sauƙi. Kowa yana gaishe ku.

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo hannuna. Kawu Gafaru, mai riƙe makullin akwatin gidan waya, ya tafi Bawku da makullin a aljihu, ya yi wata uku. Na karanta ta Maris, na zauna a kan turmi na daɗe ban tashi ba. Ki yafe mini zancen “da gangan.” Sauran abin da na faɗa yana nan.

Ban gaya wa Mma ba. Mako shida ina shiga ɗakinta da maganar a baki, in fito da kwanon wanke-wanke. Saura mako guda aure sai ga Alhaji Kadiri da sassarfa, wai yanzu ya tuna saƙonki na taransifoma. Bayan wata biyar! Mma ta yi ta godiya ga Allah da ta hana kowa taɓawa.

Ranar girki mata sun fi talatin a tsakar gida. Aka jawo waya daga falo, aka ɗora injin kan tebur. Mma ta sa sabon mayafi, ita da kanta ta yaye leshin. Musah ya haɗa taransifomarsa ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ya kifa shi ya shinshina ƙasan, ya ce, “Mma, wannan ya ƙone tun tuni. Ƙaurin ma ya tsufa.”

Mma ta ce ba wanda ya taɓa shi tun da ya zo. Sai Mma Adiza ta tafa hannu ta ce da Hausarta ta Zongo, “Ei! Ashe Mulikatu bola ya je ya tsinto ma uwanshi?” Gida ya ɗauki dariya. Wata ta ce dama haka 'yan Amurka suke, hoto a gaban motar wani. Wata ta ce kitso ai ba ya sayen sabo.

Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, na ji daɗi. Karo na farko a gidan nan ana kiran sunanki ba da yabo ba, kuma ba wanda ya kalli inda nake. Da na yi shiru da shi ke nan, har abada.

Sai na kalli Mma. Leshin take ninkewa, ta ninke, ta ƙara ninkewa, har ya koma ɗan mitsitsi a hannunta, tana murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba.

Na ce, “Ni na ƙona shi.” Ba wanda ya ji. Na ajiye wuƙar da ke hannuna, na miƙe, na sake faɗa. Ban san daga ina muryar ta fito ba, har masu figar kaji a waje suka leƙo. Na ce sabo fil ya zo a kwalinsa, ni na jona shi a bango ranar sunan Madina, don ina jin haushinsa, ina jin haushin wadda ta aiko shi. Na ce duk mai maganar bola ta zo ta faɗa mini nan.

Mma ta dube ni ta ce, “Sai yau?” Sannan ta juya ta ce, “To me ake jira? A aro duwatsu.”

Duwatsu biyar aka jera. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji kaina ina raba aiki, har na mayar wa Mma Adiza albasarta na ce ba ta yi laushi ba. Ta sake niƙawa kuwa. Shito ni kaɗai na haɗa a kicin, ƙofa a rufe.

Kwana huɗu Mma ba ta yi mini magana ba. Ran na biyar da safe, an ɗora tukunya a teburi, Abibata ta fito da kwalliyarta tana jira. Mma ta wuce ta, ta miƙo mini ludayi. Sai ta ce, “Je ki. Ki riƙe wa yayarki kafin ta dawo.”

Kin ji? In riƙe miki.

Yau kwana tara ina tsaye. Ranar farko gumi ya jiƙa mini riga, na zuba wa wani taliya bayan ya ce garin rogo yake so. Har yanzu ba na iya wasa da direbobi, amma ina kallon idonsu in tambaye su ƙwai ko ganda, kuma layin bai ragu ba. Sai dai duk wanda ya tambaya, Mma daga kujerarta za ta ce, “Riƙo take yi.”

Na gaji da riƙo, Yaya. Ni kaina riƙo aka kawo ni gidan nan. Na faɗi tawa a gaban mata talatin, saura taki. Ba zan gaya mata cewa ba za ki dawo ba, ba aikina ba ne. Ke ce mai baki.

Ƙanwarki,
Mariatu


Bronx, Amurka
3 ga Satumba, 1989

Mariatu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Wannan takarda da kaset ɗin da ke cikinta ta hannun wani ɗan Madina na ba da, ba ta akwatin Kawu Gafaru ba.

Na gode da abin da kika yi a tsakar gida. Na so a ce ina nan in ga fuskar Mma Adiza tana sake niƙa albasa.

Sau huɗu ina ɗaukar kaset ɗin nan ina gogewa. Ni da ake cewa bakina ba ya rufuwa, na zauna gaban rakoda na kasa. Ba tsoron kukan Mma kaɗai ba ne. Nan ba wanda ya san ni, ni mai kitso ce ta kujera ta uku. Muddin Mma tana cewa “teburin Mulikatu,” ina da inda zan tsaya a Nima, ko da ban zo ba. Shi ya sa na ce miki ki bar zancen tukuna. Na so ki yi ta niƙa, sunan yana nawa. Ba ki yi kuskure da kika ji haushina ba.

Gefen farko gaisuwa ce da labarin sanyi. A gefe na biyu na gaya mata komai. Ki bari ta ci abinci ta yi la'asar kafin ki juya shi. Ki kori kowa daga ɗakin, ki zauna kusa da ita, in ta fara kuka kada ki gudu kicin.

Teburi naki ne, na faɗa a ciki sau biyu don kada ta ce ba ta ji ba. Amma kada ki jira in ce ina taya ki murna. Ban kai can ba tukuna.

Yayarki,
Mulikatu